Yadda Ake Nazarin Tsufa, Tuna Baya da Mutuwa a Gajeren Labari

Tambayar da ɗalibai da masu sha'awar adabi suka fi yawan aiko mini ita ce: idan aka ba mutum gajeren labarin da babban tauraronsa tsoho ne ko tsohuwa mai yawan tuna baya, kuma ana jin ƙamshin ajali a cikin labarin, ta ina zai fara nazari, kuma me zai ce bayan ya ce jigon wa'azi ne? Na karanta amsoshi masu yawa a kan irin waɗannan labarai, kuma kusan dukkansu a wuri ɗaya suke ya da zango, wato marubucin yana tunatar da mu cewa duniya ba matabbata ba ce, mutuwa kuwa rigar kowa. Maganar gaskiya ce, sai dai mutum yana iya faɗinta ko bai buɗe labarin ba, abin da kuwa ake iya faɗi ba tare da karatu ba bai kai a kira shi nazari ba. Saboda haka a tsarin da zan shimfiɗa a nan, jigo ne zai zo daga ƙarshe, bayan an tara shaida daga cikin labarin kansa. A bi matakan bi da bi, domin kowanne a kan wanda ya gabace shi yake tsaye.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Abu na farko shi ne labarin a kan takarda. Idan a waya ka same shi, ka kai shi a buga maka, idan kuma a littafi yake, ka yi hoton shafukan, domin za ka ja layi da zane iri-iri, kuma bai kamata a yi wa littafin aro haka ba. Gajeren labari irin wanda ake shiga gasa da shi, mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500, ba ya wuce shafi huɗu ko biyar, don haka kuɗin bugawa ba mai yawa ba ne. Sai biro kala uku, shuɗi da ja da baƙi, da fallen takarda babba guda biyu, da ƙamus. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, ya wadatar ga yawancin aiki, amma ga tsofaffin kalmomi irin waɗanda ke fita daga bakin dattawa, na Bargery na 1934 ya fi zurfi.

Abin da za ka fi kashewa shi ne lokaci. Ka ware zama biyu, kowanne kamar awa biyu, kuma ka bar kwana ɗaya a tsakaninsu. Akwai kuma wani kayan aiki da ba a sayarwa a shagon littattafai, wato dattijo ko dattijuwar da za ka iya tambaya. Ka riƙe ɗan goro ko abin sayen koko idan za ka je, ka kuma tafi da haƙuri, domin ba za a ba ka amsa a miƙe ba.

Labarin gwaji

Domin kada bayani ya tsaya a iska, na ƙaga wani ɗan labari da za mu riƙa komawa gare shi. Ga shi a taƙaice.

Wani tsohon tela ne da ya daina ɗinki saboda raunin ido, yana zaune a ɗakin da ke kusa da zaure a gidan ƙaramin ɗansa. Kekensa yana gefe an lulluɓe shi da tsohon zane, a ƙarƙashin gado kuma akwai adakar da ba ya barin kowa ya buɗe, ko da yake mutanen gida sun taɓa hango farin yadi a ciki, suka yanke cewa likkafaninsa ne ya tanada. Jikarsa, wadda ita ce ke ba da labarin, ita ke kai masa koko kowace safiya, kuma kullum tambayarsa ɗaya ce: "Amarya, jirgin ya iso? Yaron nan ya sauka?" Ita kuma takan ce, "Kaka, sha kokonka tukuna, kada ya huce." Yaron nan ɗansa ne na fari, wanda ya hau jirgin ƙasa zuwa kudu neman aiki a shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sau biyu tsohon ya ba da labarin tafiyar. A karon farko, da baƙi a ɗakin, ya ce shi da kansa ya raka shi tasha, ya damƙa masa fam biyu, ya sa masa albarka. A karo na biyu, cikin dare yana fama da zazzaɓi, ya ce yaron ya tsaya a bakin shago ya yi masa sallama, shi kuwa yana kan keke yana gaggawar ɗinkin ƙaramar Sallah na mutane, bai ko ɗaga kai ba ya ce, "To, sai ka dawo." Wata rana da la'asar sakaliya ya sa jikar ta ajiye wayarta ta jawo adakar. Farin yadin nan ashe kaftani ne na saurayi, an yanka, an haɗa jiki, saura hannu ɗaya. Ya miƙa mata allura ya ce ta zura masa zare, sannan ya ambaci sunan ɗan nasa a fili, abin da ba ta taɓa jin ya yi ba. Tana cikin neman kafar allurar aka kira magariba. Nan labarin ya tsaya.

1. Karatun farko, ba biro

Ka karanta labarin daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, hannunka ba komai. Da ka gama, ka kife takardar, ka rubuta a wata takarda dabam abu uku da suka maƙale maka a rai, ko hoto ne ko magana, ba tare da ka yi musu bayani ba. Ka ajiye wannan takarda, za ka neme ta a mataki na tara.

A kula: kada ka rubuta jigo yanzu. Wanda ya yanke jigo tun karatun farko, sauran aikinsa duk neman abin da zai gaskata shi zai zama, ya riƙa tsallake abin da ya saɓa masa.

2. Raba jiya da yau

A karatu na biyu, ka ja layin shuɗi a ƙarƙashin duk abin da ke faruwa a yanzun labarin, jan layi a ƙarƙashin duk abin da ake tunawa, baƙi kuma ga abin da ake jira ko ake tsoron zuwansa. Daga nan ka kalli shafukan daga nesa ka ga kalar da ta rinjaya. Idan ja ya cinye rabin labari, to tauraron ya fi zama a jiya fiye da yau, kuma wannan kansa shaida ce. Sannan ka yi da'ira a kan kowace gaɓa da kala ta sauya, ka rubuta a gefe abin da ya jawo sauyin: ƙamshi ne, ko sauti, ko wani ya ambaci suna, ko ganin wani abu? A labarinmu, zuwan koko da safe ke tayar da tambayar jirgi, baƙi ke tayar da labarin tasha, zazzaɓi kuma ke tayar da labarin shago.

A kula: Hausa ba ta tilasta wa marubuci ya sauya siffar aiki idan ya koma baya. "Sai ya tashi, ya ɗauki almakashi" tana iya zama ta yau, tana iya zama ta shekara hamsin da suka wuce. Gwanayen marubuta sukan yi amfani da wannan da gangan, su zame daga yau zuwa jiya ba tare da "a da" ko "lokacin da" ba, domin mai karatu ya ɗanɗani ruɗanin da tsohon ke ciki. Idan ka iske jimlar da ka rasa kalar da za ka ba ta, ka ja mata kala biyu, kada ka ɗauka kuskuren marubuci ne.

3. Ƙirga shekaru

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali shi ne mai sauƙin kawo riba. Tsofaffinmu ba sa faɗin shekara da lamba, da abin da ya faru suke auna ta, marubucin da ya san aikinsa kuma haka zai sa su yi magana. Ka ja layi a faffaɗar takardarka, ka jera duk alamar zamani da ka samu, ka mayar da ita lamba. "Da aka ba da mulkin kai" 1960 ke nan, a Nijeriya da Nijar duka. "Lokacin yaƙin basasa" tsakanin 1967 da 1970 ne. "Da aka koma hannun dama" Afrilun 1972 ne, "da aka canja kuɗi", idan daga fam zuwa naira ake nufi, Janairun 1973 ne. Babban farin da ya kashe dabbobi ya yi tsanani a 1973 da 1974, idan kuma tsoho ɗan Nijar ya ce "shekarar El-Buhari", yunwar 1984 zuwa 1985 yake nufi.

Mu gwada da labarinmu. Yaron ya tafi bayan an koma hannun dama, ana cikin ɗinkin ƙaramar Sallah, ita kuwa ƙaramar Sallar 1972 a farkon Nuwamba ta faɗo, wato tafiyar ta zo cikin azumi, saura kamar wata biyu naira ta shigo. Jikar tana riƙe da wayar hannu, don haka yanzun labarin bai yi nisa da namu ba. Idan aka ce shekara hamsin ke tsakani, kuma uban yana da kamar arba'in a lokacin tafiyar, to yanzu ya doshi casa'in, yaron da yake jira kuwa, in yana raye, ya kusa saba'in, shi ma ya yi furfura. Ka ga abin da lissafi ya fito da shi: tsohon yana ɗinka kaftanin saurayi ga mutumin da ko ya dawo ba zai shige shi ba. Labarin bai faɗi haka ba, ƙirga ce ta nuna.

A kula: kalmomin kuɗi suna yaudara. Bayan 1973 mutane sun ci gaba da kiran naira biyu fam, kwabo goma kuma sule, har tsawon shekaru. Saboda haka "fam" ita kaɗai ba ta isa ta tabbatar da shekara ba, sai ka haɗa ta da wata alama. Haka nan an sha canja takardun kuɗi bayan wancan, don haka ka tabbatar wane canji ake nufi. Nan ne dattijon da ka tanada zai yi maka rana.

4. Wa ke ba da labarin?

Ka rubuta amsar a jimla ɗaya: tsohon ne da bakinsa, ko wani na kusa da shi, ko wata murya ce daga waje da ta san zuciyar kowa? Sannan ka tambayi abin da mai ba da labarin ba zai iya sani ba. Jikar nan ba a haife ta ba lokacin tafiyar, duk abin da ta sani daga bakin kakanta ne, ba ta da hanyar tantancewa, mu ma haka. Idan kuwa tsohon ne ke magana da kansa, to duk labarin ya zama tunawa, kuma kowace jimla tana buƙatar binciken da ke mataki na gaba.

A kula: kada ka ɗora wa marubuci maganar tauraro. Idan tsoho ya ce yaran zamani ba su da tarbiyya, ba lallai ra'ayin marubucin ba ne, wataƙila ma labarin yana nuna akasin haka ta hanyar jikar da ba ta taɓa fashin kai koko ba.

5. Gwada tunawa da tunawa

A nan zuciyar aikin take, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Ka raba takardarka ta biyu gida uku: abin da aka tuna, a gaban wa aka faɗe shi, da halin da mai faɗin yake ciki. Duk abin da aka tuna fiye da sau ɗaya, ka ajiye faɗin farko kusa da na biyu ka duba kalma da kalma, ka fitar da abin da ya sauya, abin da aka ƙara, da abin da ya ɓace.

A labarinmu, faɗin farko yana da tasha, da kuɗi, da albarka, kuma an yi shi da rana a gaban baƙi. Na biyu yana da shago, da keke, da kan da ba a ɗaga ba, kuma an yi shi cikin dare a gaban yarinya ɗaya, jiki yana zafi. Saurin da yawancin ɗalibai ke yi shi ne su ce na farko ƙarya ne, na biyu gaskiya. Wannan karatu yana da ƙarfi, domin kaftanin da ba a gama ba yana goyon bayansa: uban da ya fifita ɗinkin mutane a kan na ɗansa. Amma ka dakata ka ba ɗayan ɓangaren haƙƙinsa. Mai zazzaɓi yana iya sambatu, kuma mutumin da ya shekara hamsin yana zargin kansa yana iya ƙaga wa kansa laifin da ya fi wanda ya yi. Mai yiwuwa ne ma duka biyun sun faru, ya ƙi ɗaga kai da safe, ya bi shi tasha daga baya. Ba a nemi ka yanke hukunci kamar alƙali ba. Abin da ake so ka nuna shi ne amfanin da kowane faɗi ke yi wa tsohon: na farko yana kare mutuncinsa a idon jama'a, na biyu yana sauke masa nauyin da ya daɗe yana ɗauke da shi. A ganina, tazarar da ke tsakanin faɗi biyun nan ta fi kowannensu muhimmanci, kuma a mafi yawan labaran tsufa masu kyau, a irin wannan tazara ma'anar take zaune.

Idan abu sau ɗaya kawai aka tuna shi, ka gwada shi da abin da labarin ya nuna a yanzu. Tsohuwar da ke cewa a zamaninsu ba a san rowa ba, amma tana ƙulle goronta a bakin zane idan ta ji sallama, labarin yana yi mata raddi a hankali. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, don haka duk yabon jiya da ka gani, ka nemi abin da ke ciwo a yau.

A kula: kada ka zama likita. Sanannen abu ne cewa tsoho yakan tuna abin da ya faru yana saurayi sarai, ya manta ko ya karya kumallo, kuma kana iya ambata ruɗin tsufa idan labarin ya nuna shi. Amma da zarar ka ce "ai ya ruɗe ne" ka rufe littafi, ka zubar da duk maganarsa, ka yi abin da mutanen gidan suka yi, wanda wataƙila shi ne labarin ke kuka da shi. Tambayar jirgi mantuwa ce, amma me ya sa duk abin da ya manta bai manta jirgin ba?

6. Jiki da kayan ɗaki

Ka jera duk abin da aka faɗa game da jikin tauraron, ido, ji, haƙora, gwiwa, rawar hannu, furfura, ka tambayi abin da kowane rauni ya raba shi da shi. Raunin ido ga manomi wani abu ne, ga tela kuwa rabuwa ce da sana'a da matsayi da dalilin zuwan mutane wurinsa. Daga nan ka jera kayan da ke kewaye da shi: sanda, buta, buzu, carbi, magogin goro, rediyo, adaka. Ka yi alama a kan abin da aka ambata fiye da sau biyu, ko wanda aka ɓoye, ko wanda ma'anarsa ta sauya kafin ƙarshe. Farin yadin nan ya cika sharuɗɗan uku. Mutanen gida sun ɗauke shi shirin tafiya lahira, ashe shirin tarbar mai dawowa ne. Duk da haka karatun farko bai mutu ba, domin mai karatu ya riga ya ga likkafani a cikinsa, kuma hoton ba ya gogewa. Ɗan da ya ɓace ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa sutura ba, ba a ɗauke shi a makara ba, saboda haka kana iya cewa kaftanin ya tsaya a matsayin suturar da uban bai samu ya yi masa ba.

A kula: ba kowane abu ne alama ba. Wani lokaci buta buta ce kawai, an ambace ta don tsoho yana alwala. Idan ba ka da shaida biyu daga cikin labarin, kada ka kira abu alamtarwa.

7. Wasa da kunya

Ka duba yadda ake kiran juna. "Amarya" da kaka ke kiran jikarsa wasan jika da kaka ne, kuma shi ya ba ta damar jin abin da ɗansa na cikinsa ba zai taɓa ji ba, domin tsakanin uba da ɗa akwai nauyi. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa marubuta da yawa ke sa jika ya zama mai sauraro. "Yaron nan" kuwa alkunya ce ta ɗan fari. Idan ka gane haka, za ka ga girman abin da ya faru a ƙarshe: mutumin da ya riƙe kunya kusan shekara saba'in ya saki sunan. Kana iya karanta shi a matsayin tsufan da ya kwance masa linzami, ko a matsayin mutumin da ya ga lokaci ya ƙure, ya zaɓi kiran ɗansa a kan kiyaye al'ada. Ka rubuta duka biyun, ka faɗi wanda shaida ta fi karkata gare shi.

A kula: idan labarin fassara ne daga wata ƙasa, kamar Rasha ko Japan ko Masar, ka nemi al'adar mutanen wurin, kada ka ɗora musu tamu. Ko a cikin Hausa ma, ka duba ko gidan Musulmi ne, ko na Kirista, ko na Maguzawa, kafin ka fassara shiru ko kuka ko biki.

8. Yadda aka ambaci mutuwa, da inda aka yi shiru

Ka tattara duk kalmar da ta shafi mutuwa, ka lura da wanda ya furta ta. "Ya mutu", "ya rasu", "ya cika", "ya kwanta dama", "rai ya yi halinsa", "ya riga mu gidan gaskiya", duk abu ɗaya suke nufi, amma ba nauyinsu ɗaya ba, kuma zaɓin yana nuna kusanci ko girmamawa ko fushi. Ka kuma lura da lokutan da ke biyo bayan rasuwa, domin marubuta kan gina zubin labari a kansu: zaman makoki, sadakar uku da bakwai da arba'in a gidajen da ke yin su, da takaba ta wata huɗu da kwana goma. A labarinmu babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma rashin nasu shi ne shaidar. Ba wanda ya taɓa cewa "marigayi" ko "Allah ya jiƙansa" game da ɗan, ba a yi zaman makoki ba, saboda haka baƙin cikin bai samu ranar da zai ƙare ba.

A kula: ayoyin da ke magana a kan tsufa sanannu ne, kamar aya ta 54 a Suratur Rum, mai jera rauni da ƙarfi sannan rauni da furfura, da aya ta 70 a Suratun Nahli, mai maganar wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani. Ka kawo su idan labarin ya yi ishara gare su, ko idan sun haska wani abu takamaimai. Ɗalibin da ya cika shafi da ayoyi da karin magana ya bar labarin a gefe, wa'azi ya rubuta, kuma mai dubawa zai gane nan take.

9. Ƙarshen labari da ɗaure jigo

A zama na biyu, ka sake karanta sakin layi na ƙarshe sau uku, ɗaya daga ciki da murya. Ka rubuta abin da ya faru tabbas, da abin da aka bari a buɗe. A namu, tabbas an kira magariba, tabbas zare bai shiga ba tukuna. Ba a ce tsohon ya cika ba. Faɗuwar rana tana jan hankali zuwa can, kuma kana iya faɗin haka, amma ka ce "labarin yana ishara", kada ka ce "ya rasu".

Yanzu ka ɗauko takardar mataki na ɗaya. Idan abubuwa ukun da suka maƙale maka sun sami wuri a cikin shaidar da ka tara, kana kan hanya, idan kuwa ɗaya ya rage a waje, ka koma ka binciki dalili. Sannan ka rubuta jigo a jimla ɗaya da ke ɗauke da abubuwan wannan labarin kaɗai. Misali: labarin yana nuna uban da tsufa ya ƙwace masa ido da sana'a da lissafin kwanaki, amma ya bar masa bashin sallamar da bai amsa da kyau ba, yana ƙoƙarin biyansa da allura kafin lokaci ya ƙure.

A kula: ka gwada jimlar da wani labarin tsufa da ka sani. Idan ta zauna masa daidai, to ta yi faɗi, ka ƙara matse ta.

10. Rubutawa da dubawa

Ka buɗe da jimlar jigo, ka bi ta da taƙaitaccen labari da bai wuce layi biyar ba. Daga nan ka zaɓi shaida uku ko huɗu mafiya ƙarfi, kowace da sakin layinta, ka kawo ainihin kalmomin labarin a gajarce, ka bayyana abin da suke yi. Ba dole ba ne ka zuba duk abin da ka tara, yawancinsa a takardar aiki zai tsaya. Ka ware sakin layi ɗaya ga karatun da ya saɓa wa naka, ka faɗi dalilin da ya sa ba ka bi shi ba.

Da ka gama, ka ɗauki jan biro ka bi rubutunka jimla jimla. Duk inda ka ce "marubucin yana so ya nuna", ka tambayi kanka a wane layi ya nuna, in ba ka samu ba ka soke. Ka sake duba lissafin shekaru, domin kuskuren shekara goma yana iya mayar da saurayi yaro. Ka tabbatar ba ka sa wa tauraro sunan da labarin ya ɓoye ba, ba ka kuma kashe wanda marubucin ya bari da rai ba. Idan aikin makaranta ne, ka kwafe kalmomin da ka ɗauko daga labarin harafi da harafi tare da lambar shafi, ka kuma miƙa takardar ƙirgar shekarun tare da shi idan malamin ya yarda a haɗa.